Hannu, Kunne da Agogo: Gwanintar Ungozoma daga Poplar zuwa Jekadafari

Tun watan Janairun 2012 tashar BBC take nuna wani wasan kwaikwayo mai dogon zango, Call the Midwife, kuma har yau mutanen Ingila ba su gaji da shi ba. Labarin wasu ungozomomi ne da mata masu hidimar coci, waɗanda ke zaune gida ɗaya a Poplar, unguwar talakawa da ke bakin tashar jiragen ruwa a gabashin Landan. Labarin ya fara daga shekarar 1957, kowane zango kuma yana matsawa gaba da shekara guda, har ga shi ya shiga shekarun 1970. Heidi Thomas ce ta tsara shi daga littattafan Jennifer Worth, wadda ta yi aikin da hannunta a wannan yanki, ta kuma rasu a 2011, 'yan watanni kafin a fara haska shi. Ba shiri ne da ya cika gidajenmu a Gombe kamar Daɗin Kowa ko Labarina ba, amma duk wanda ya ci karo da shi ta tauraron ɗan'adam ko intanet zai ga abin da ba a saba nuna mana ba. A finafinanmu, mace takan dafe mara, a rufe ƙofar ɗaki, miji ya yi ta safa da marwa, sai likita ya fito yana murmushi ko yana girgiza kai. A wannan shirin, ana shiga ɗakin da kai, kuma abin da kyamara ta fi tsayawa a kansa shi ne hannun ungozoma.

Ba a banza ba. Wata ungozoma mai suna Terri Coates ce ta rubuta a wata mujallar ungozomomi a 1998 cewa marubuta sun yi watsi da sana'arsu, wannan ya zaburar da Jennifer Worth ta ɗauki alƙalami, ita Coates ɗin kuma ta zama mai ba masu shirin shawara a kan yadda ake karɓar haihuwa. Shi ya sa idan 'yar wasa ta ɗora tafin hannu a kan ciki, a wurin da ya dace take ɗora shi. Ni a ganina, kekunan hawa da tufafin zamanin da ba su ne suka riƙe masu kallo shekara goma sha ba. Daɗin ganin gwani yana aikinsa ne ya riƙe su. Irin wannan aikin kuwa ana yin sa kullum a unguwannin Gombe irin su Jekadafari da Pantami da Bolari da Herwagana da Tudun Wada, sai dai babu mai haska shi.

A je asibitin unguwa ranar awo. Benci cike da mata, kowace da katinta a hannu, wata da goyo a baya da ciki a gaba. Idan layi ya zo kan mace ta hau gado, ungozoma takan fara da murza tafukanta su yi ɗumi, domin hannu mai sanyi yakan sa ciki ya ɗaure, cikin da ya ɗaure kuwa ba ya ba da labari. Sai ta ɗauko zaren awo, ta aza kansa a saman ƙashin mara, ta ja shi zuwa ƙololuwar mahaifa. Daga kusan wata na shida, yawan santimita yakan yi kunnen doki da yawan makonnin cikin: mako 30, santimita 30, da ɗan ragi ko ƙari. Idan awon ya zarce sosai, zuciyarta ta tafi kan tagwaye, ko ruwa ya yi yawa, ko lissafin watannin ne ya kuskure. Idan ya gaza, wataƙila ɗan ba ya girma yadda ya kamata.

Daga nan ainihin karatun yake farawa. Tafuka biyu a saman ciki, tana tambayar me ke zaune a nan. Idan abu ne mai laushi, marar takamaiman siffa, wanda ba ya motsi shi kaɗai, ɗuwawu ne, kai yana ƙasa, alhamdu lillahi. Idan ta ji abu mai tauri, kewayayye, da za ka ɗan tura ya dawo ya taɓa maka yatsa, kai ne a sama, ɗan yana zaune. Sai ta sauko gefe da gefe, hannu ɗaya ya tokare, ɗayan ya lalubo: ɓangare guda dogo ne mai santsi, gadon baya ke nan, ɗaya ɓangaren kuma ƙulu-ƙulu, gwiwoyi da ƙafafu da gwiwar hannu. Sannan ta juya ta fuskanci ƙafafun matar, ta nutsa yatsu a saman ƙashin mara, ta auna yawan kan da ya rage a waje. Faɗin yatsu biyar na nufin kai bai shiga ƙugu ba tukuna. Yatsu biyu ko ƙasa da haka, ya shiga. Wani likitan Jamus, Leopold, ya jera waɗannan matakai a ƙarshen ƙarni na 19, ɗalibai kuma suna haddace su a Kwalejin Koyon Aikin Jinya da Ungozoma ta Gombe kamar yadda ake haddace su ko'ina. Haddar ba ta da wuya. Abin da ke cin shekaru shi ne yatsu su koyi rarrabe kai da ɗuwawu a jikin mace mai ƙiba, ko mai ruwa da yawa, ko yarinya mai cikin fari da kunya ta sa ta sandare jikinta.

Da ta gano inda baya yake, ta san inda za ta kafa kunne. Wannan ɗan ƙahon na katako ko na ƙarfe mai faffaɗan baki, wanda ake gani a jakar kowace ungozoma a shirin na Landan, wani likitan Faransa ne, Adolphe Pinard, ya ƙirƙiro shi a 1895, kuma har yanzu yana nan a kan teburin asibitocinmu, ba ya neman batir, ba ruwansa da ɗauke wuta. Takan ɗora shi daidai kafaɗar ɗan, ta kwantar da kunne, ta cire hannunta daga jikinsa don kada ya rage sauti, ido a kan agogo. Bugun zuciyar ɗan tayi yana tsakanin 110 zuwa 160 a minti guda. Gwanaye sukan riƙe tsintsiyar hannun uwar a lokaci guda, su tabbatar ba bugun uwar suke ji suna zaton na ɗan ba ne. Ƙaramin abu ne, amma da irinsa ake gane wadda ta daɗe a aiki.

Sauran aikin awo a bayyane yake: allurar rigakafin sandarewar haƙora, ƙwayoyin ƙarin jini, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, gwajin fitsari. Sai dai awon hawan jini ba abin wucewa da sauri ba ne. Idan ya kai 140 bisa 90, ungozoma takan daina rubutu ta dubi fuskar matar. Zobe ya matse yatsa? Akwai ciwon kai da ba ya jin magani? Ido yana ganin walƙiya ko hazo? Akwai zafi a ƙarƙashin haƙarƙarin dama? Tana farautar jijjiga ne kafin ta iso, cutar da a gida ake ɗora wa iska, a yi ta hayaƙi da tofi alhali lokaci yana tafiya. Maganinta allurar magnesium ce, wadda aka yaɗa amfani da ita a asibitocin Jihar Kano daga 2008, aka kuma ga mutuwar masu jijjiga ta ragu ƙwarai. Allura ce mai buƙatar sa ido: kafin a maimaita ta, sai ungozoma ta ƙwanƙwasa gwiwar matar ta ga ƙafar ta zabura, ta ƙirga numfashi, ta duba yawan fitsari.

Yanzu a shiga ɗakin haihuwa, inda mace take kan gwiwa. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne yawancin lokacin ungozoma ba ta yin komai da ido zai kira aiki. Tana zaune, hannu a kan cikin, tana ƙirga sau nawa mara ta murɗa a minti goma da kuma daƙiƙa nawa kowace murɗawa ta ɗauka. Duk rabin sa'a ta saurari zuciyar ɗan. Duk sa'a huɗu ta sa safar hannu ta duba buɗewar bakin mahaifa, wanda sai ya kai santimita 10 hanya take cika. Ba ta yawan dubawa, don kowane shigar hannu ƙofa ce ga ƙwayar cuta. A wannan dubawar akwai gwanintar da ta fi burge ni. Da kan yatsa take bin tsagin ƙasusuwan kan jaririn har ta kai maɗiga. Maɗigar ƙeya kusurwa uku gare ta, ta gaba kuma huɗu. Daga wadda ta taɓa da kuma ɓangaren da ta same ta, ta san ko ɗan yana kallon bayan uwar, wanda shi ne sauƙi, ko ya juyo yana kallon cikinta, wanda ke kawo doguwar naƙuda da azabar ciwon baya. Idan faya ta fashe, ta dubi launin ruwan. Fari tas, lafiya. Kore-kore, ɗan ya yi kashi a ciki, wataƙila ya fara galabaita.

Duk wannan tana zana shi a wata takarda mai layuka, wadda wasu likitoci biyu, Philpott da Castle, suka tsara a 1972 a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabwe, musamman don ungozomar da ke nesa da likita. Idan ɗigon da take yi ya fara karkacewa ya tsallake layin gargaɗi, takardar tana ce mata naƙudar nan ba ta tafiya, a fara neman mota. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabon salon takardar, amma manufar ba ta sake ba. Dangi a waje sukan ƙosa, wani ya leƙo ya ce, "Malama, ba za a sa mata ruwan naƙuda ba ne a huta?" Ungozomar kirki ta san ruwan naƙuda a kan ɗan da ya zo a gicciye, ko kan da ya fi ƙugu, yana iya fasa mahaifa. Cewa a'a ga mutanen da suka ƙagu, kuma wasunsu sun haife ka, yana cikin aikin.

Da kai ya fara leƙowa, murya ta zama kayan aiki. "Yi nishi, ƙanwata, yi nishi, kada ki saki. Yauwa. To, tsaya haka, bar nishin, hura iska kawai." A Gombe wannan muryar sai ta iya juyawa, domin wadda ke kan gadon tana iya zama Bafulatana daga wajen Dukku, ko 'yar Tangale daga Billiri, ko 'yar Tera, ko Babarbariya, mace kuwa idan wuya ta kai wuya da harshen uwarta take ji. Dalilin cewa a tsaya shi ne kada kan ya faso da ƙarfi ya yaga ta. Hannu ɗaya yana tallafe da ƙasa, ɗayan yana rage wa kan gudu, a hankali, a hankali, har fuska ta bayyana. Yatsa ya zagaya wuya ya ji ko cibiya ta naɗe, idan ta naɗe a zare ta ta saman kai. A jira kan ya juya da kansa, kafaɗar sama ta fito, ta ƙasa ta biyo, sai jiki ya sulluɓo.

A zangon farko na shirin akwai wata doguwar ungozoma sabuwar shiga, Chummy, wadda kowa ke yi wa kallon ba za ta iya ba, har keke ma da ƙyar ta koya. Ita ce ta karɓi haihuwar wani jariri da ya zo ta ɗuwawu. Masu kallo da yawa suna tuna wannan wurin, kuma sun yi gaskiya, don darasin da ke ciki shi ne mafi wuya a sana'ar: kana ganin ƙafafu da gangar jiki sun fito suna reto, kowace jijiya a jikinka tana ce maka ja, ilimi kuma yana ce maka kada ka taɓa. Ja yakan sa hannuwan jaririn su miƙe sama, haɓarsa ta ɗaga, kai ya maƙale. Sai a bar nauyinsa ya sauko da shi, a lulluɓe shi da tawul mai ɗumi, a tabbata bayansa yana sama, sai ƙeya ta bayyana sannan a sa yatsu a kan ƙasusuwan kumatunsa a sunkuyar da kan ya fito. A yau an fi so a gano irin wannan tun a wurin awo a tura matar babban asibiti. Amma mace takan iso da tsakar dare ƙafa ta riga ta fito, a lokacin kuwa abin da ke hannun ungozoma shi ke nan.

Jariri ya faɗo bai yi kuka ba. Minti ɗaya take da shi. Ta goge shi da busasshen zane da ɗan ƙarfi, ta murza bayansa, ta sauya zanen. Ba a ɗaga shi ta ƙafa a zazzage, ba a watsa masa ruwan sanyi, ba a kaɗa masa faranti a kunne. Idan har yanzu shiru, ta kwantar da shi, ta ɗan ɗaga haɓa, ta kifa masa 'yar robar hura iska a hanci da baki, tana matsawa tana kallon ƙirji yana tashi. Jarirai da dama da a da za a naɗe a ce ba su zo da rai ba, da wannan 'yar robar da iskar ɗaki kawai suke dawowa. Wanda ya yi kuka kuma, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a ɗan jinkirta yanke cibiya aƙalla minti guda don jinin da ke cikinta ya gama shiga jikinsa. A kashin farko na shirin, wata 'yar Sifaniya mai 'ya'ya fiye da ashirin ta haifi bakwaini, ta ƙi yarda a kai shi kwalba, ta manna shi a ƙirjinta, ya rayu. Sai a 1978 likitoci a birnin Bogota na Kolombiya suka mayar da wannan dabara magani, yau kuma ita ake koya wa uwayen bakwaini a asibitocinmu.

Sa'ar da dangi ke guɗa a waje ana kiran waya ana cewa ta sauka, ita ce sa'ar da ungozoma ta fi tsoro. Zubar jini bayan haihuwa shi ne kan gaba wajen kashe masu jego, kuma ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta shekarar 2020 ta nuna fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen haihuwa a duniya 'yan Najeriya ne, kusan 82,000. Don haka da ɗa ya fito ta tabbatar babu na biyu, sai allurar oksitosin a cinya. Allurar tana son sanyin firiji, zafin Gombe na watan Maris da Afrilu kuma ba ya raga mata, shi ya sa ƙwayar misoprostol, wadda ke jure zafi, take da daraja a ƙauye. Mabiyiya ta fito, ba a jefa ta a bokiti haka nan. Sai ta shimfiɗa ta a tafukanta ta duba ko kowane yanki ya cika, domin ɗan guntun da ya rage a ciki ya isa ya hana mahaifa tsukewa. Sannan hannu ya koma kan mara: mahaifar da ta tsuke takan dunƙule ta yi tauri kamar duma, wadda ta saki kuma lagwab take, sai a murza ta har ta farfaɗo. Duk minti goma sha biyar a sake dubawa, har sa'a biyu.

A nan ido yakan yaudari gwani ma. Rabin lita shi ne iyakar zubar jini, amma jinin da zane da katifa suka shanye ba ya aunuwa da kallo. Wani babban bincike da aka wallafa a 2023, wanda aka gudanar a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu a kan mata fiye da 200,000, ya gwada wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗawa a ƙarƙashin mai jego. Da jini ya kai alamar, ba a bin magunguna ɗaya bayan ɗaya ana jira, gaba ɗaya ake yi: murza mahaifa, allurar tsuke ta, allurar tsayar da jini, ƙarin ruwa, duba ko akwai yagewa. Mummunar zubar jini da abin da takan jawo sun ragu da kusan kashi 60 cikin ɗari. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya.

Ba za a yi maganar nan a manta da ungozomar gargajiya ba, tsohuwar unguwa da ake aika yaro ya kira. A al'adarmu sau da yawa ba ta ma zuwa sai ɗa ya faɗo, saboda kunya da jarumta sun sa mace ta haihu ita kaɗai a ɗaki. Nata shi ne yanke cibi, binne mabiyiya, wankan jariri, gasa jikin mai jego, ranar suna kuma a fitar mata da kasonta. Tana da abin da 'yar makaranta ba ta da shi, wato amincewar gidan. Amma yankan gishiri da wasunsu ke yi wa mai doguwar naƙuda ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari, asibitin Babbar Ruga a Katsina shaida ne. Tun a 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa bincikensa a kan haihuwa 22,774 a Zariya, inda ya nuna matan da ba su taɓa zuwa awo ba, waɗanda ake kawowa bayan abu ya ɓaci, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Wata dabara ita ce wadda aka gwada a nan Jihar Gombe, inda aka horar da matan ƙauye su riƙa bi gida-gida suna rako masu ciki asibiti, aka kuma shigo da direbobin ƙungiyar NURTW su ɗauki mai naƙuda cikin gaggawa. Ungozomar asibitin unguwa ita ma tana da tata iyakar. Ba ta fiɗa, ba ta da ma'ajiyar jini. Rabin gwanintarta shi ne ta rubuta takardar tura mace Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya tun matar tana iya magana, ba sai ta fara sanyi ba.

Shirin na BBC yana da ɗan ƙawa, wannan gaskiya ne. Ungozomominsa ba sa tsawa, suna da lokacin shan shayi da mai jego, suna kuma bin ta gida kwana da kwanaki bayan haihuwa. Tamu tana iya kwana ita kaɗai a kan mata uku, da fitilar waya a baki tana ɗinki. Ƙorafin da mata ke yi cewa wasu ma'aikata suna zagi, har da mari a cinya, ba ƙage ba ne, kuma yana cikin abin da ke mayar da mace ɗakinta a haihuwa ta gaba. Gajiya dalili ce, amma ba hujja ba ce, tun da a ɗakin guda za ka tarar da wata mai irin wannan gajiyar tana shafa bayan mai naƙuda tana ce mata sannu.

Aiki na ƙarshe kafin sallama ba da mai jego ake yin sa ba, da kakar jariri ne, domin ita za ta yi mulkin kwana arba'in ɗin. Ungozoma mai wayo ba ta ce mata al'ada jahilci ce. Takan jawo kujera ta ce, "Goggo, ke za ki taimake ni. Cibiyar nan kada a sa mata man goge haƙori ko toka, ga wannan maganin, shi kaɗai za a riƙa shafawa. Ruwan nonon farko mai rawaya, dakashin nan, kada a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Ruwan wanka ya yi zafi daidai jiki, ba mai salɓe fata ba. Kunun kanwa kuma a rage kanwar, jininta ya hau da cikin nan." Gargaɗin kanwar yana da tushe: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da kanwa da zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Sannan ta lissafa mata abin da idan an gani ba a jiran gari ya waye: jini mai gudu, zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, jaririn da ya ƙi kama nono ko idonsa ya yi rawaya. Goggo ta ce, "To, Malama, Allah ya yi albarka." Malama ta rubuta ranar dawowa a kati, ta wanke hannu, ta leƙa ta kira mai bi mata.